A daina ƙirga mana bishiyar da aka dasa, a ƙirga wadda ta rayu

Duk wanda nema yake kai shi tsakiyar Kano a watan Maris ko Afrilu ya san maganar da zan yi. Ka taso daga Bata ka nufi Kantin Kwari, ko ka fito daga Kofar Wambai ka zagayo ta Singa, za ka yi tafiya mai nisa a ƙafa baka samu inda za ka fake ba, sai dai rumfar kwanon wani mai shago ko ƙarƙashin gadar sama, shi ma ƙarƙashin gadar kafin ka iso an cika shi, masu adaidaita sahu sun yi fakin, masu fiya wata sun kasa, almajirai sun kwanta. Kwalta tana turiri, bangon shaguna yana turiri, ga hayaƙin janareta ga na mashin, iskar da take kaɗawa ma mai zafi ce. Kuma wai nan ne zuciyar garin, nan ne ake juya kuɗin da ya fi na ko ina a Arewa.

Ni ra'ayina a kan wannan abu ɗaya ne kuma ina kai da gaske: inuwa a tsakiyar gari aikin gwamnati ce kamar yadda titi da kwalbati da fitilar kan hanya suke aikin gwamnati. Ba kwalliya bace da za a ce sai an gama manyan ayyuka a waiwaye ta. Mutumin da yake cikin mota mai esi bai san da wannan matsalar ba, daga gida mai esi ya shiga mota ya sauka a ofis. Wanda ya san ta shi ne ɗan dako da yake ɗauko dila a ka, da mai tura kura, da ɗan garuwa, da matar da ta taho daga Bichi ko Wudil sayayyar kayan ɗakin 'yarta tana tsaye bakin titi da goyo tana jiran abin hawa, da ma'aikacin da aka tsayar a mahaɗa yana ba da hannu tun safe. Su ne mafiya yawa, kuma su ne idan ana zana titi ba a tuna cewa da ƙafa suke tafiya ba.

Zafin nan fa ba wasa bane kuma ba raguwa yake ba. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitoci a Bamako suka cika da tsofaffi. Mu ma a nan mun ɗanɗana namu a wannan azumin, an wuce 40 kwana da kwanaki ga babu wuta. Abin da mutane da yawa basu lura da shi ba shi ne tsakiyar gari ya fi gefen gari zafi, musamman da daddare, saboda kwalta da siminti da kwano suna shan rana duk yini sannan su riƙa sakin zafin bayan magariba, shi yasa za ka ga ƙarfe goma sha ɗaya na dare ɗaki bai shiguwa. Bishiya tana maganin wannan ta hanya biyu, tana tare rana kada ta sauka a kan kwalta tun farko, sannan ruwan da take zuƙowa daga ƙasa tana fitar da shi ta ganye sai iskar wurin ta yi sanyi. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2023 ya duba birane 93 na Turai, ya gano cewa da inuwar bishiya ta rufe kashi 30 cikin ɗari na biranen da an kauce wa kusan kashi ɗaya cikin uku na mace-macen da ƙarin zafin cikin birni yake jawowa. Turai kenan fa, inda zafinsu mu a wurinmu sanyin safiya ne.

Kuma ba wai baƙon abu ake so a kawo mana ba. Iyayenmu da bishiya suke gane unguwa, har yau muna cewa Durumin Iya, Chediyar 'Yan Gurasa, Kasuwar Rimi, Kurna, Giginyu, amma ka je wasu wuraren ka nemi bishiyar ka gani. Ka shiga Nassarawa GRA ko Bompai inda Turawa suka jera madaci da darbejiya, tun daga kan mashin jikinka zai gaya maka ka canza unguwa, gari ɗaya ne rana ɗaya ce amma yanayi biyu. Maiduguri da ta fi mu kusa da hamada an san ta da titunan darbejiya, bishiyar da asalinta daga yankin Indiya take aka shigo da ita Borno wajen 1928 ta zauna daram kamar 'yar gida. Alhazanmu kuwa su ne shaida, filin Arfa da a da babu komai sai rairayi da duwatsu yanzu dubban darbejiya ne a jere ana shayar da su da bututu. To in Arfa ta yiwu, wane uzuri muke da shi a titin Murtala Muhammad.

Yanzu bari in zo inda abin yake min ciwo. Kowace damina sai an yi bikin dashen itatuwa. A kafa rumfa, a buga riguna da huluna, babban baƙo ya tsuguna ya saka dashe a rami a miƙo masa butar ban ruwa, a ɗauki hoto, a sanar a rediyo cewa bana za a dasa miliyan kaza. Ban ce babu masu niyya mai kyau a ciki ba, akwai ma'aikatan gandun daji da suka san aikinsu sarai, akwai matasa 'yan sa kai da suke kashe kuɗin aljihunsu. Amma ka koma wurin a watan Janairu. Akuya ta cinye na farko, yara sun karya na biyu, na uku wani ya kafa tebur a kansa, sauran sun bushe a tsaye tun da ruwan sama ya ɗauke a Oktoba babu wanda ya sake zuba musu ko kofi ɗaya. Shekara ta zagayo a sake dasawa a rami ɗaya. Wannan ai aikin baban giwa ne. Daminarmu wata huɗu zuwa biyar ce in ta yi kyau, sauran wata bakwai zuwa takwas rani ne, duk tsarin da bai faɗi wa zai shayar da dashen nan daga Nuwamba zuwa Mayu ba, na shekara biyu zuwa uku a jere har saiwarsa ta kama, to ba tsari bane. Dashe aikin yini ɗaya ne, reno shi ne aikin, kuma shi renon ne ba a sa masa kuɗi a kasafi saboda ba shi da ranar buki.

Shi yasa nake cewa a canza abin da ake ƙirgawa. Kwamishina ko ciyaman ya daina gaya mana nawa ya dasa, ya gaya mana cikin na bara nawa ne suke raye, a wane titi, mu je mu gani da idonmu. Wallahi na fi son a ce an dasa dubu biyar a tsakiyar birni dubu huɗu sun kai shekara uku, da a ce an raba miliyan biyar ba wanda ya san inda suke.

Akwai waɗanda suka gwada hakan. A Firitawun babban birnin Saliyo, magajiyar gari Yvonne Aki-Sawyerr ta ƙaddamar da shirin bishiya miliyan ɗaya a 2020, abin da ya burge ni ba yawan bane, tsarin ne, kowace bishiya ana mata rajista a waya da hotonta da inda take, mutanen unguwa ne suke dasawa suke reno, kuma ana biyansu ne idan sun dawo sun ɗauki hoto sun nuna tana raye tana girma. A Medellín ta ƙasar Kolombiya, daga 2016 suka bi tituna 18 da hanyoyin ruwa 12 suka cika su da bishiyoyi da tsirrai, suka ɗauko mutum 75 daga cikin marasa galihu suka horar da su suka zama ma'aikatan lambu na birni, zafin wuraren ya sauka da kamar digiri 2. Na san wani zai ce ai waɗannan garuruwan ruwa ne, ka jefa sanda ma sai ta tsiro, kuma gaskiya ne, tsirransu ba namu bane. Abin ɗauka a wurinsu shi ne an mayar da reno sana'a mai albashi. Mu da muke da matasa zaune a kowace majalisa ba aikin yi, a ce kowane saurayi an damƙa masa layi guda, bishiya kaza, da kura da jarkoki, a biya shi duk wata gwargwadon waɗanda suke raye, ni ban ga tallafin da ya fi wannan ma'ana ba.

Amma darasin da ya fi kusa da mu yana Nijar, kuma kashi biyu ne. A 1965 aka fara kafa wani shingen itatuwa ya kewaye Yamai, sama da hekta dubu biyu, yawanci darbejiya, don ya tare ƙura da iska. Aiki ne babba, kuma ƙasar da tun 1975 ta mayar da ranar samun 'yancinta, 3 ga Agusta, ranar dashen itace ba za a ce bata damu ba. Duk da haka da garin ya faɗaɗa sai aka yi ta yanka shingen nan ana fulotai, wani wurin ya zama juji, yanki mai yawa ya tafi. Dalili, na gwamnati ne, na kowa ne, ba na kowa ba. A gefe guda kuma ka dubi karkarar Maraɗi da Damagaram, inda tun wajen 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato maimakon a sassabe tohon kututture a gona sai a rage masa rassa a bar mai ƙarfi ya tashi. Ba gandun reno ba biki, amma yau ana maganar bishiya kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Abin da ya sa ya yiwu shi ne manomi ya tabbata gawon nan nasa ne, shi zai ci moriyarsa. To haka ma a birni. Bishiyar da aka dasa ƙofar shagon mutum ba a yi shawara da shi ba, gobe zai ce ta tare masa allon talla. Amma a zauna da shugabannin kasuwa layi layi, da ƙungiyar direbobi a tasha, da kwamitin masallaci, da mai unguwa, a ce wannan taku ce, ku zaɓi wurin, ku zaɓi irin, in ta kai shekara uku ga ragin da za a yi muku a harajin shago, za ka ga mai shagon da kansa yana korar akuya.

Sai maganar ruwa, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu suka suke da ita. Garin da mutane suke sayen jarka a hannun 'yan garuwa don su sha, da wane ido za ka ce a zuba wa itace. Ban raina wannan tambayar ba. Amma ku tsaya bakin kowane masallacin kasuwa lokacin azahar ku ga ruwan alwalar da yake kwarara cikin kwata, sau biyar a rana, ruwa ne mai tsabta ba sabulu ba komai, yana tafiya ya haɗu da ƙazanta ya zama matattarar sauro. Bututu ɗaya da ɗan rami mai tsakuwa ya isa ya juya shi zuwa gindin bishiya uku ko huɗu. Masallatai nawa ne tsakanin Fagge da Sabon Gari da cikin Kwari? Ga makarantun Islamiyya, ga ruwan da esin bankuna da manyan shaguna yake ɗigarwa a ƙasa duk yini. Akwai kuma dabarar binne tulu a gefen dashe a riƙa cika shi, yana tsattsafowa a hankali kai tsaye zuwa saiwa rana bata shanye ba. Malamanmu su taimaka da wannan a mumbari, tunda hadisi ne ingantacce cewa babu Musulmin da zai dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face an rubuta masa sadaka. Muna gina rijiya don mamatanmu, me zai hana a riƙa ɗaukar nauyin renon bishiya goma a bakin asibiti ko tasha da wannan niyyar.

Kuma wannan magana bata tsaya a zafi ba, ta shafi ambaliya. Mun shiga wani yayi na shafe ko ina da siminti da intalok, harabar gida, ƙofar shago, filin makaranta, tsakiyar titi, ba a bar wa ƙasa ko tafin hannu da za ta sha ruwa ba. Kududdufan cikin birni da aka samu daga haƙar ƙasar gini, waɗanda su ne suke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako, an cike da yawansu da bola an yanka an sayar an yi gini. To ruwan ina za shi? Dole ya bi titi ya shiga shago. 'Yan Kwari ba za su manta da daminar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga kasuwar ya jiƙa atamfofi da shaddoji na miliyoyin naira, kuma kowa ya ji yadda aka yi ta maganar gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. Faɗaɗa kwalbati yana da kyau amma shi kaɗai tura matsalar yake yi zuwa unguwar gaba. Abin da birane da yawa suke yi yanzu shi ne su sa ramin bishiyar gefen titi ya ɗan yi ƙasa da kwalta, a bar ƙofa a jikin dakalin titin, ruwan sama ya fara shiga nan ya nutse kafin ragowar ta wuce kwata, bishiya ta sha, titi ya huta, rijiyoyin unguwa ma su samu. Mu kuwa sai a zuba siminti har wuyan bishiyar a ɗaure ta tamau sannan a yi mamakin ta mutu. Kududdufan da suka rage a yi musu doka yau ɗin nan, a yashe su, a kewaye su da itatuwa da wurin zama. A Seoul ta Koriya ta Kudu tsakanin 2003 da 2005 gadar sama sukutum suka rushe don su buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinta, yanzu nan ne wurin shan iskar garin. Ban ce a rushe gadojinmu ba, ana buƙatarsu, kuma na san halin ƙazantar da Jakara, rafin cikin birnin Kano, take ciki kafin a yi aikin rufe ta. Ina cewa dai kada mu ɗauka duk wani buɗaɗɗen wuri ko hanyar ruwa matsala ce da maganinta kankare.

Wace bishiya kuma? Nan ma ana kuskure. An fi son abin da zai yi kyau a hoto, fulawoyi a shataletale da ciyawar da sai an shayar da ita kullum, ko dogayen bishiyoyin nan sirara da ake jerawa jikin katangar manyan gidaje waɗanda inuwarsu ko kaza bata isa ba. Tsakiyar kasuwa inuwa take so mai faɗi, daga itacen da ya san rani. Darbejiya tana da saurin girma ga juriya, akuya ma bata cika damunta ba, amma kada a yi ita kaɗai, cuta ɗaya in ta zo sai ta kwashe layi guda. A haɗa da tsamiya da madaci da marke, inda akwai fili sosai kamar harabar makaranta ko tasha a saka durumi da ceɗiya, su kam kada a kai su kusa da gini ko kwalbati don saiwarsu tana fasa abu. Madaci kuma sai an tsare shi daga masu sassaƙe ɓawonsa don magani, sau da yawa su ne suke kashe shi a tsaye. Ƙorafin da mutane suke yi gaskiya ne, saiwa tana tsaga gini, reshe yana taɓa wayar wuta, iskar farkon damina tana kayar da tsohuwar bishiya kan mota, ganye yana cika kwata. Duk waɗannan maganinsu a zaɓi irin da ya dace da wurin, a ba da tazara, a samu ma'aikatan da aikinsu kenan su riƙa rage rassa kafin damina. Masu cewa lambun shaƙatawa yana zama mafakar 'yan shaye-shaye su ma suna da hujja, amma wurin da aka yi watsi da shi ne yake zama haka, wanda yake da fitila da mai gadi da masu shayi da iyalai suna zuwa ba ya zama. Batun cewa tsamiya gidan aljanu ce har a sare ta saboda haka, wannan kam malamai su yi mana maganinsa.

Abin da nake roƙon majalisar jiha da ma'aikatar ayyuka shi ne a saka bishiya cikin takardar kwangilar titi tun daga zane, kamar yadda ake saka kwalbati da fitila, da ramukanta da kejinta da kuɗin renon shekara uku, kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai an zo an ƙirga masu rai. Duk wanda zai gina plaza ko gidan mai a tsakiyar gari a sa masa sharaɗin barin wani yanki na filinsa ba siminti. Bishiyar da ta shekara hamsin kuma kada a bari a sare ta da sa hannun mutum ɗaya, injiniya ya fara nuna cewa babu yadda za a karkatar da aikin, don dashe goma da za a ce an maye gurbinta da su sai yaran da ake goye yanzu sun yi aure kafin su ba da inuwar da take bayarwa. Kuɗin ma ba sai an je nesa ba, akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na Bankin Duniya mai suna ACReSAL, dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa a 2015 wadda Kano take cikin jihohinta 11. Yawancin hankalinsu yana karkara kuma ya dace, amma gwamnatin jiha tana iya tsayawa ta ce a ware wani abu don cikin birni. A fara da wuri ɗaya da kowa zai gani, a ɗauki daga Bata zuwa Kwari, a haƙa ramuka a watan Mayu, a dasa a Yuli da ruwa ya zauna, a liƙa sunan mai reno da lamba a jikin kowane keji, sannan a watan Afrilu mai zuwa a fito da lissafin waɗanda suka tsallake rani a karanta a rediyo.